Ƙarfin Gwiwa da Ciwon Gwiwa

Bahaushe ya ajiye jarumtarsa a gwiwa. In mutum ya sami kuzari, sai a ce ya sami ƙarfin gwiwa. In ya karaya, a ce gwiwarsa ta yi sanyi. In jama'a suka taru a kan aiki guda, a ce sun yi haɗin gwiwa. Amma duk da wannan matsayi da harshe ya ba ta, gwiwar ta zahiri, wadda ke ɗauke da manomi da ɗan kokowa, ba mu cika sanin abin da ke cikinta ba. Duk abin da ya same ta, muddin ƙashi bai karye ba, suna ɗaya muke ba shi: targaɗe. Wannan suna guda ya rufe ciwuka iri-iri, wasu masu warkewa cikin mako biyu, wasu kuwa masu bin mutum har tsufansa.

A ƙasarmu ta Waca, da maƙwabtanmu na Magarya da Dungas, da zarar an kai amfanin gona rumbu sai ganguna su tashi, samari su fita dandali. Tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, kokowa ta zama hanyar yin suna da samun abin hannu. Yaron da ya ji an sa wa filin kokowa na Damagaram sunan Langa-Langa, ko ya ji yawan takubban da Isaka Isaka na Doso ya ɗauka, ba zai rasa mafarki ba. Sai dai yawancin raunuka ba a ranar gasa ake jin su ba. A wurin gwaji na yamma ake jin su, cikin rairayi, inda babu alƙali, babu likita, sai abokai da babba guda mai kula da yara.

A irin wannan wuri ne na ga abin da ya sa ni wannan rubutu. Wani saurayi ya kafa ƙafarsa cikin yashi, abokin karawarsa ya taɗe shi, jikinsa ya juya, ƙafar kuwa ta tsaya inda take. Ya ce ya ji wata ƙara cikin gwiwa, kamar tsinkewar igiya. Kafin sallar lisha ta kumbura sumtum. Aka ce targaɗe ne, aka murza da man kaɗanya, aka ɗaure. Bayan mako uku kumburi ya saɓe, yana tafiya sarai, sai ya koma fage. A karawar farko gwiwar ta zame masa, ya zube ba tare da an kayar da shi ba. Daga baya gwajin likita ya nuna cewa jijiya ce ta tsinke tun ranar farko, komawar da ya yi kuma ta ƙara yaga guringuntsi.

Domin a gane yadda haka ke faruwa, sai a san cewa gwiwa mahaɗa ce tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, ga ƙoƙo a gaba. Manyan jijiyoyi 4 ne ke riƙe da ita: biyu a gefe, ciki da waje, biyu kuma a tsakiya, sun gitta juna. Tsakanin ƙasusuwan akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, su ne matashin da ke tare nauyi. Jijiyar gefen ciki, in ta ji rauni, galibi takan warke da kanta cikin makonni. Ta tsakiya ta gaba kuwa, in ta tsinke, da wuya ta haɗe yadda take. Mai ita yana iya miƙewa ya yi tafiyarsa, amma da ya juya da sauri sai gwiwa ta ci amanarsa. Saboda haka iya tafiya ba shaida ba ce ta warkewa.

Malamin makaranta ko shugaban samari ba likita ba ne, amma yana iya yin tambayoyin da za su raba ƙaramin rauni da babba. Ta farko: yaya abin ya faru? Juyawa a kan kafaffiyar ƙafa, tare da jin ƙara, yana nuni ga jijiyar tsakiya. Duka daga gefen waje yana nuni ga jijiyar gefen ciki. Ta biyu: yaushe ta kumbura? Kumburin da ya taso cikin awa ɗaya ko biyu alama ce ta jini ya taru cikin mahaɗa, wato tsinkewar jijiya ko tsagewar ƙashi. Wanda ya bari sai washegari ya fi karkata ga guringuntsi ko rauni mai sauƙi. Ta uku: tana miƙewa sosai, ko tana cijewa a hanya kamar an sa mata sakata? Cijewa takan nuna yagaggen guringuntsi ya shiga tsakanin ƙashi da ƙashi. Ta huɗu: tana zamewa in an taka? Kowace daga cikin waɗannan alamu ta isa dalilin zuwa gidan likita.

Game da karaya kuwa, wasu likitoci na birnin Otawa a ƙasar Kanada sun fitar da ƙa'ida a 1995, wadda ake aiki da ita a asibitocin duniya don sanin wanda ke bukatar hoton ƙashi: wanda ya kai shekara 55, wanda ƙoƙon gwiwarsa kaɗai ke zafi in an taɓa, wanda ke jin zafi a kan ɗan ƙashin da ke gefen waje ƙasa da gwiwa, wanda ba ya iya lanƙwasa ta kamar mai zama a kujera, da wanda ya kasa yin taku 4, ko da ɗingishi. Sai dai a lura, hoton ƙashi ba ya nuna jijiya. In an ce hoto lafiya lau, ƙashi ake nufi. Jijiya sai likita ya gwada da hannu, ya riƙe cinya ya ja ƙwauri gaba ya ji ko akwai abin da ke tare shi, ko kuma a yi hoton na'urar maganaɗisu a manyan asibitoci.

Akwai kuma halin da ba ya jiran gari ya waye. In gwiwa ta goce har siffarta ta sauya, ko tafin ƙafa ya yi sanyi, ya dushe, ko ya mutu ba a jin taɓawa, to babbar hanyar jini da ke bayan gwiwa tana cikin hatsari, jinkirin awoyi kaɗan yana iya jawo yanke ƙafa. Haka nan in gwiwa ta yi zafi rau tare da zazzaɓi. Irin wannan sai a nufi asibitin Magarya ko babban asibitin Damagaram nan take. Yaran da ba su gama tsawo ba su ma a yi hattara da su, domin bakin ƙashinsu, inda yake girma, ya fi jijiya rauni; abin da zai zama targaɗe ga babba yana iya zama karaya ga yaro.

Ban kawo wannan don in rage darajar maɗori ba. Ɗori gado ne, ya kuma taimaki jama'a tun kafin a gina gidan likita a karkara. Amma hannun da ya ƙware wajen daidaita ƙashi ba ya ɗinke jijiyar da ke can cikin mahaɗa, murza mai ƙarfi kuma tana ƙara zubar jini a kwanakin farko. Tsaga da ƙaho a kan kumburarriyar gwiwa suna iya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Abin da ya dace da farko shi ne a dakatar da wasa, a ɗaga ƙafa, a ɗora ƙanƙara cikin tsumma na kamar minti 15 in an samu, ko tsumma mai ruwan sanyi, a naɗe ba tare da matsewa ba, a ba shi sanda ya dogara.

Komawa fage kuma ba ranar da zafi ya tafi ba ce. Sai gwiwa ta miƙe ta lanƙwashe daidai da ƴar'uwarta, kumburi ya ƙare, cinya ta dawo da ƙarfinta, mutum ya iya tsalle da juyawa a kanta ba fargaba. Wanda aka yi wa aikin jijiyar tsakiya, likitoci kan ce ya jira kamar wata 9. Sannu ba ta hana zuwa.

Babban abin da ke hana bin wannan hanya shi ne kunya. Saurayin da aka yi wa kirari jiya ba ya son a gan shi da sanda yau, sai ya ɓoye ciwo don kada a ce ragon maza ne. A nan aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu yake: su koya wa masu kula da yara waɗannan tambayoyi, su kuma sa manyan ƴan kokowa su faɗa da bakinsu cewa zama gefen fili na wata guda ba faɗuwa ba ce. Kokowa ta kaka ɗaya ce a shekara, gwiwar kuwa ita za ta je gona da damina, ita za ta durƙusa a masallaci. Allah ya kiyaye mana samarinmu.