Tarar da Na Bari Ta Taru a Jidda

A majalisar da muke zama bayan sallar isha'i a kudancin Jidda, babu abin da ke haɗa bakinmu wuri guda kamar zagin Saher. Akwai Kanawa da Katsinawa a cikinmu, akwai Damagarawa, akwai 'yan uwa Hausawan Sudan da aka haifi iyayensu a Makka. Wasu direbobin gida ne, wasu masu jiran kanti, wasu ma'aikatan asibiti. Da hira ta gangaro kan tarar hanya, kowa na da labarinsa, amma hukuncin ɗaya ne: an kafa kyamarorin nan ne don a tatsi baƙo. Na daɗe ina cikin masu wannan magana, kuma muryata tana da nauyi a wurin, saboda Allah Ya hore mini aikin ofis da mota tawa ta kaina, ana ganin na san kan gari.

Saher shi ne tsarin kyamarorin lura da hanya da Saudiyya ta fara a Riyad a 2010, daga baya ya bazu zuwa sauran birane da manyan hanyoyi. Ba ya tsayar da mota. Ba za ka ga ɗan sanda ba, balle ka sauke gilashi ka ce a yi haƙuri. Haske ne zai walƙa sau ɗaya, sai saƙo ya shigo wayarka, bashin kuma ya hau lambar igamarka, wato katinka na izinin zama, ya zauna a manhajar Absher yana jiranka. Rashin ɗaura bel riyal 150 zuwa 300 ne. Riƙe waya kana tuƙi, 500 zuwa 900. Keta jar danja kuwa, 3,000 zuwa 6,000.

Ni a Kano na koyi tuƙi, inda na tashi na ga dokar hanya tana da fuska da kunne. In an tare ka, sai ka roƙa, ka kira wani babba a waya, ko ka yi ta jan magana har a gaji da kai. Abin da na ɗauko daga gida shi ne cewa laifin hanya ba laifi ba ne sai an kama ka, in an kama ka kuma ciniki ne. Da na zo inda babu wanda za a yi cinikin da shi, sai na zaɓi abin da ya fi sauƙi, na daina buɗe saƙonnin. A kan hanyar Makka ina wuce ƙa'idar gudu don in riski jam'i a Harami, ina ganin niyyata ta wanke ni. A cikin gari ina amsa kiran maigidana da hannu ɗaya a sitiyari. In wani ya tuna mini da tara, sai in ce baƙo raɓa ne, gobe ba mu nan, su ci kansu.

Abin ya tarar da ni ne ranar da aka bugo daga gida cewa an kwantar da mahaifiyarmu a asibiti, jikin ya yi tsanani. Na je wurin ma'aikacin da ke kula da takardunmu a ofis don ya fitar mini da bizar fita da dawowa, wadda a nan muke kira huruj wa auda. Ya juyo da fuskar kwamfutarsa ya nuna mini: biza ba za ta fita ba sai an biya duk tarar da ke kan igamata. Abin da ya taru ya haura albashina na wata biyu. Na yi ta zagaya mutane ina neman rance, har da waɗanda nake ba shawarar su yi biris da saƙon Saher. Jirgin da na so bi ya tashi ba ni. Allah Ya taimake ni na iske Hajiya da rai, ta kuma samu sauƙi. Da ta tambaye ni abin da ya tsayar da ni, na ce matsalar takardu ce. Ban iya gaya mata cewa sakacina ne ya tsare ni ba.

Da a ce nan labarin ya ƙare, da ban ɗauki alƙalami ba. Na dawo Jidda da darasi, amma ba wanda ya kamata ba. Abin da na koya shi ne kada in bar tara ta taru, kuma kada in bari kyamara ta gan ni. Na haddace wuraren da take: ƙarƙashin wannan gada, bayan wancan gidan mai, gab da wancan shataletale. In na matso sai in taka burki, in na wuce in ba ta wuta. Tuƙina bai canza ba ko kaɗan, wayo kawai na ƙara. Da gwamnati ta yi rangwamen rabin tsofaffin tara daga 18 ga Afrilu 2024, wanda aka tsawaita har 18 ga Afrilu 2025, an yi shi ne don mutane su sauke nauyi su buɗe sabon shafi. Mu a majalisa sai muka karanta shi a baibai, muka ce ashe jinkiri ma yana da riba. Har takaici na ji cewa na biya tawa cikakkiya kafin rangwamen ya zo.

A wannan tsakanin ɗan yayata ya zo, ya samu aikin tuƙi a wani kanti. Yaro ne mai natsuwa, yana da lasisi, yana jin maganata fiye da yadda yake jin ta ubansa. Ni na zagaya da shi gari, ni na nuna masa inda ake taka burki da inda ake saki. Wani dare muna tsaye a wata mahaɗa da babu kowa, ya ce, "Kawu, nan babu kyamara ko?" Na ce babu. Ya ce, "To in danja ta yi ja, kuma hanya fayau fa?" Na ce, "Ka duba hagu da dama, ka wuce abinka." Haka na faɗa, kuma a gabansa na aikata.

Bayan wasu watanni, tsakar dare, ya kira ni muryarsa na rawa: "Kawu, na kaɗe mutum." Motata ce a hannunsa. Ya duba hagu da dama kamar yadda na koya masa, bai ga babur ɗin ba. Wanda ya kaɗe ɗan Bangaladash ne mai kai wa mutane abinci gida, yana kan hannunsa, danjarsa kore. Ƙashin cinyarsa ya karye, kafaɗa ta goce, hular kwano ce ta tsare kansa. Jami'an murur, wato 'yan sandan hanya, suka zo suka rubuta laifin gaba ɗaya a kan yaron, kuma gaskiya suka rubuta. Kamfanin inshora ya biya wanda aka ji wa rauni, sannan ya dawo kanmu yana neman kuɗinsa, domin keta jar danja yana cikin laifuffukan da ke ba shi wannan damar. Da rai ya salwanta, diyyar kisan kuskure a nan riyal 300,000 ce, ban da abin da mutum zai tarar a gaban Allah.

Na je asibiti duba mai babur ɗin. Muka yi magana da irin Larabcin nan na baƙi da muke gane juna da shi. Bai zage ni ba, bai ma tambayi yaron ba. Abin da yake ta nanatawa shi ne yaushe zai iya hawa babur, domin gwargwadon saƙon da ya kai ake biyansa, kuma bai gama biyan bashin da ya ci ya sayi biza ba. Yana da mata da 'ya'ya a ƙauye suna jiran ƙarshen wata, kamar yadda nawa suke jira a Kano. Duk shekarun da na yi ina cewa ƙasarsu ce, dokarsu ce, ban taɓa tsayawa na duba waɗanda ke kan titin tare da ni ba. Mai shara ne da ke gefen kwalta tun kafin asuba, da direban gida ɗan Indiya da ya ɗauko yara daga makaranta, da tsohuwa 'yar Takari da ke tsallaka titi da ƙullin kayanta a ka, da alhajin da ya sauka jiya bai san ta ina mota ke ɓullowa ba. Ina tsammanin hukuma nake yi wa wayo, ashe da rayukan waɗannan nake caca.

Wannan hali ba na talakan baƙo ba ne kaɗai. Wasu masana tattalin arziki biyu, Raymond Fisman da Edward Miguel, sun bi diddigin tarar ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba da jami'an diflomasiyya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙi biya a birnin New York daga 1997 zuwa 2002, lokacin da rigar kariya ta hana a taɓa su. Takardun tara sama da 150,000 ne, kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. Wakilan Kuwait ne a kan gaba, sai na Masar, da Chadi, da Sudan. Na Norway da Sweden da Kanada kuwa ba a same su da bashi ba, alhali kariyar ɗaya ce. A ƙarshen 2002 birnin ya fara cire lambar motar duk wanda ya tara bashi, sai laifin ya ragu da kusan kashi 98 cikin ɗari. Abu biyu na gani a ciki, kuma duka sun shafe ni. Mutum yana tafiya da tarbiyyar hanyar garinsu duk inda ya je. Sannan mafi yawanmu ba ma gyaruwa sai an riƙe wani abu da muke buƙata.

Ƙasashen yankin nan sun gane haka. Daga 19 ga Agusta 2023, Kuwait ta hana duk baƙo barin ƙasar sai ya biya tarar hanya da ke kansa, kuma sabuwar dokarta da ta fara aiki a 22 ga Afrilu 2025 ta ɗaga tarar riƙe waya daga dinari 5 zuwa 75, ta keta jar danja daga 50 zuwa 150. Katar ta ɗauki irin wannan mataki na hana fita daga 1 ga Satumba 2024. A Saudiyya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waɗanda suka mutu a haɗarin mota sun ragu daga 9,311 a 2016 zuwa 6,651 a 2021. Ba kyamara kaɗai ta yi wannan aiki ba, an gyara hanyoyi, an inganta ɗaukar marasa lafiya. Amma wanda ya ce tarar nan tatsa ce zalla, ya kamata ya yi wa waɗannan alƙaluma bayani.

Ban ce ƙorafin 'yan uwana duka banza ba ne. Riyal 3,000 ga attajiri kuɗin cefane ne, ga direban gida kuwa ya fi albashinsa na wata. Ɗan ƙasa in ya yi laifi yana gidansu, baƙo kuwa igamarsa da aikinsa da hanyar zuwa ganin iyayensa duk suna rataye da igiya ɗaya. Ana kuma iya rubuta wa mutum laifin da bai yi ba, ko da yake akwai ƙofar ƙalubalantar tara ta Absher cikin kwana 30, wadda da yawanmu ba ma bi saboda ba ma buɗe saƙon tun farko. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai a tawa tarar, da na zauna na bi ta ɗaya bayan ɗaya, babu ko guda da aka zalunce ni. Wurin da lokacin da gudun, duk nawa ne.

Na kira yayata na gaya mata ainihin yadda aka yi, domin a gida an ɗora wa yaron laifin rawar kai. Na ce, "Yaya, ni na koya masa." Ta yi shiru, sannan ta ce amana ta ba ni, ba direba ta aiko mini ba. Kuɗin inshora ni nake biya kaɗan-kaɗan daga albashi, kuma na ɗauki nauyin aika wa iyalin mai babur ɗin nan wani abu har ya koma aiki. Ya koma, amma da ɗingishi, kuma ba ya iya daɗewa a kan babur kamar da.

Muna da ɗan asusu a majalisa da muke zubawa duk wata saboda rashin lafiya, ko rasuwa, ko wanda takardu suka rutsa da shi. An saba cirowa daga ciki a biya wa ɗan uwa tara in tafiya ta kama shi. Na kawo shawarar a ci gaba da taimaka wa wanda aka rubuta wa tarar ajiye mota ko ta lalacewar fitila, amma ban da keta danja, da bin hannun da ba naka ba, da gudun wuce sa'a. Dattijon da ke riƙe da asusun ya ce, "Malam, kai da aka tara wa kuɗi ka je ka ga mahaifiyarka, yau kai ne za ka rufe wa wani ƙofa?" Maganarsa tana da ƙarfi, ban kuma musa ba. Na ce a ba mutum rance ya je ya ga nasa, amma ya dawo ya biya daga aljihunsa, kada asusun marasa lafiya ya zama inshorar ganganci. Mutum huɗu ne suka goyi bayana, sauran suka ce a bar maganar sai bayan Hajji.