Rizga Da Karen Farauta

A ƙauyukan Kagoro da Kafanchan, idan kaka ta yi aka haƙo rizga, mafarauci yakan zuba wa karensa abin da ya rage a kwano. To, ko akwai illa? Ita dai rizga, wadda mutane kan ci har ɗanya, in an dafa ta zalla aka ba kare kaɗan, ba abin tsoro ba ce. Haɗarin yana cikin miyar da aka haɗa ta da ita, domin albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Sai bayan kwanaki a ga ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari. Nan fa sai a ɗora wa rizga laifi, ko a zargi maƙwabci da sa guba.