Lakwal: Ta Gwamnati Ce Ko Ta Gari?

Jama'a, duk wanda ya tashi a ƙasar Adar ya san yadda kakanninmu suka karɓi lakwal. A zamanin mulkin Faransa, ana rubuta yaran da za su shiga ne kamar yadda ake rubuta masu biyan haraji, mai hali kuwa ya ɓoye ɗansa ya tura na talaka. Wannan tsoro bai mutu da samun ƴancin kai a 1960 ba. Ni da na yi firamare a wani ƙauyen Buza a ƙarshen shekarun 1990, mahaifina bai taɓa taka farfajiyar lakwal ba sai in an aika masa kira. A ganinsa gidan gwamnati ne, mushe kuma baƙon da aka turo daga Yamai.

Shi ya sa nake ɗaukar horon da ake ba malamai kan jawo al'umma cikin harkar ilimi da muhimmanci. A jiharmu ta Tawa aka fara gwada abin sosai, a 2004, cikin shirin École pour tous wanda hukumar JICA ta Japan ta tallafa wa. An koya wa diraktoci yadda za su tara gari a zaɓi ƴan kwamitin kula da makaranta, wato COGES, ta hanyar ƙuri'ar asiri. Daga nan kwamitin ya zauna da jama'a su tsara aikin shekara: rumfunan aji, tebura, ruwan sha, karatun dare. A ƙarshe a dawo gaban taro a faɗi abin da aka tara da inda ya shiga. A 2007 tsarin ya game ƙasa, daga baya aka sauya wa kwamitin suna zuwa CGDES.

Amma ina da magana ɗaya ga masu ba da horon. Kada a koya wa malami cewa shi zai kawo wa mutanen Madawa, Buza da Keita aikin gayya. Sun riga shi saninsa. Su suka dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya tun daga 1975 don kare gonaki daga iska. Su kuma, akasari mata, suka ɗauki duwatsu a ka a aikin raya karkara na Keita da aka soma a 1984 da kuɗin Italiya, alhali maza da yawa sun tafi cin rani. Wanda ya farfaɗo da fako ba zai kasa kafa aji ba, in dai ya tabbata ajin nasa ne.

Abin da matashin da ya fito daga makarantar horon malamai ta Kawsan a Tawa yake bukata shi ne sanin gari. Ya san cewa ba a kiran taro ranar kasuwa. Ya san cewa karan rumfa ba ya samuwa sai an gama girbi, don haka tun da damina ake shirya maganar komawa aji a watan Oktoba. Ya gaida maigari da liman kafin ya buga ƙararrawa. Ya saurari uwar da ke hana ƴarta zuwa saboda talla ko ɗiban ruwa, maimakon ya kira ta jahila. Uwa uba, kada dala ɗaya ta jama'a ta kwana a aljihunsa ba a rubuce ba.

Ku ƴan kasuwa, kun san ba a zuba jari inda ba a nuna lissafi. Ku nemi lissafin, sannan ku bayar. Ku ma'aikata, ku tuna cewa sa hannun iyaye bai sauke wa gwamnati nauyin albashi da gina azuzuwa ba. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba: gobe za a sauya wa mushe wurin aiki, yaran kuwa namu ne. Allah ya sa mu gane.