Gatarin Aradu da Dutsen Rumawa

A cikin rantse-rantsen da ke fita daga bakin Bahaushe, babu wadda take sa zaure ya yi tsit kamar rantsuwa da aradu. Mutum zai ce wallahi sau goma a kan buhun masara guda a kasuwar Ngong, ba mai ɗaga kai. Amma ya ce "kwarankwatsa dubu", musamman in damina ce kuma hadari ya haɗo daga gabas, sai ka ga na kusa da shi sun muskuta. Shekarun da na yi ina riƙe da alƙalami a zauren dattijonmu, ina rubuta rigimar iyakar gona da bashi da ɓarnar shanu, sun isa in ba da wannan shaida.

Kalmar aradu daga Larabci ta zo mana, kuma duk wanda ya yi allo ya san Suratur Ra'adi, ta 13 a jerin surori, inda aka nuna tsawa baiwa ce mai tasbihi ga Mahaliccinta. Tsoron kuwa ya girmi kalmar. Kwarankwatsa tamu ce tun asali, ƙarar abin ce ta zama sunansa. Manomi kan tono wani dutse mai santsi da kaifin baki a gona, ya ce gatarin aradu ne, shi ke faɗowa ya tsaga itace. Masu binciken kufai sun ce mutanen da ne suka wasa shi kafin a san ƙarfe. Kakanninmu dai sun ɗauka aradu tana da ido: tana bin ɓarawo, tana neman mai rantsuwa a kan ƙarya, kuma wutarta sai da nono take mutuwa.

Duk da haka, ba su gina wa sama ɗakin bauta ba. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe a kan Dala da Tsumburbura, wadda aka kewaye itacenta da katanga, har Sarki Tsamiya ya rushe wurin, kafin Wangarawa su iso da Musulunci zamanin Yaji, wanda ya hau mulki a 1349. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya kuma wallafa bincikensa a 1946, ya tarar sun yarda da Allah a sama, amma iskoki suke yi wa yanka. Mai sama ya yi musu nisa, tsawarsa kaɗai ke saukowa.

Rumawa su ne suka ɗauki irin wannan tsoro suka gina daula a kansa. Babban abin bautarsu, Jufita, a tatsuniyarsu shi ne ya tumɓuke ubansa daga mulki, ya karya ƙattin da suka yi masa tawaye da aradu. Sun buɗe masa haikali a kan tudun Kafitol a shekara ta 509 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Can sababbin shugabanni ke yanka farin bijimi ranar kama aiki, can kuma sarkin yaƙin da ya ci nasara ke ƙare hawansa. Gaggafarsa ce a kan tutar rundunoninsu. In aka ji tsawa ranar taron jama'a, an fasa taron ke nan. Sarki Agustus ma, da aradu ta kashe bawan da ke riƙe masa fitila a ƙasar Sifen shi kuwa ya tsira, wani haikalin ya gina wa Jufita mai tsawa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda suke ƙulla amana da wata ƙasa. Mai tsafi kan ɗauko ƙanƙarar dutse daga ɗakin Jufita, ya buge alade da ita, ya roƙi a buge Rum haka in ita ta fara warware alkawari. Dutse, tsawa, da mai cin amana. Da za a karanta wa tsohon manomi wannan a Tcheboa ko Lagdo, zai ce ai gatarin aradu ne.

A shekarun 391 da 392 Sarki Tiyodosiyus ya haramta bautar gumakan, haikalin ya zama kango. Sunan kuwa bai tafi ba. Duk takardar da na rubuta da Faransanci zuwa ofishin gwamnati ranar Alhamis, sai na sa jeudi a kanta, ma'anarta ta asali ranar Jufita. 'Ya'yanmu na faɗin ta kowane mako a makaranta, kuma ba na ganin laifi a nan, domin kalma ce da ta bushe, ba mai jin tsoron kowa a cikinta.

Tamu ce ba ta bushe ba. Malamai sun daɗe suna faɗa cewa rantsuwa da wanin Allah haramun ce, sai mutane suka yi mata kwaskwarima suka koma cewa "aradun Allah". Ni a ganina abin kunyar yana wani wuri: wanda ke wasa da wallahi yana kuma shakkar kwarankwatsa ya nuna hukuncin da ke iya sauka kafin magariba ya fi ba shi tsoro bisa wanda aka jinkirta.

A nan Ngong lamarin ya fi wuya, don abokin shari'ar Bahaushe sau da yawa Batufuri ne ko Bamafa ko Bamundang, wani Kirista, wani mai bin al'adar gidansu, kuma da Fillanci ake maganar. Ba littafi ɗaya muke dafawa ba, amma kowa ya san tsawa, shi ya sa wasu ke neman a rantse da ita don a huta. Dattijonmu ba ya yarda. Yakan ce a kawo shaidu biyu, a taka gonar a ga iyaka, in rubuta abin da aka daidaita a kai, kowa ya dangwala yatsa ya tafi da kwafinsa. In shaidu sun gagara, Musulmi ya rantse da Allah bayan an ba shi kwana uku ya yi tunani, wanda ba Musulmi ba kuma a kira manyansa su tsaya masa. Da yawa ba sa cika kwana ukun, sukan aiko a ce a raba bashin biyu.