Daga Aljihun Wa Ake Biyan Kuɗin Asibiti?

Duk lokacin da na ji ɗan siyasa ya yi alkawarin magani kyauta, tambaya ɗaya ce ke zo mini: daga aljihun wa? Allura da gadon asibiti da albashin likita duk kuɗi ne. Abin da ya bambanta ƙasashe shi ne lokacin biya: ko jama'a su tara tun suna da lafiya, ko mutum ya biya shi kaɗai ranar da ciwo ya kayar da shi.

A Najeriya hanya ta biyu muke bi. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa. Shi ya sa kowannenmu ya san saƙon WhatsApp na neman gudummawar wankin ƙoda, ya kuma san gidan da jinya ta cinye gonarsu. Mai albashi a cikin dangi shi ne inshorarsu.

A takarda ba mu rasa tanadi ba. A 2001 shugabannin Afirka suka amince a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, amma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa kai wa wannan adadi ba. Dokar Lafiya ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar gwamnatin domin kiwon lafiya a matakin farko. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, sai dai manomi da ɗan tireda ba su da albashin da za a cira.

Ghana ta kauce wa wannan cikas a dokarta ta 2003, da ta ɗora harajin kashi 2.5 kan kayayyaki da ayyuka. Duk wanda ya sayi kayan da harajin ya shafa ya zuba a asusun lafiya. Asibitocinsu na kukan jinkirin biya, amma nauyin ya rabu a kan jama'a da yawa.

Ni dai na gwammace a karɓa a hannuna ina tsaye da ƙafata, muddin za a buga lissafin abin da ya isa kowane asibitin ƙauye. Wannan lissafin ya kamata mu nema daga masu neman ƙuri'armu.