Daga Kano Zuwa Gella Da Insulin A Jaka

Idan za ku kai wa Inna insulin Gella, hedikwatar Mubi ta Kudu, kada taswira ta ruɗe ku. Tsakanin filin jirgin Kano da na Yola bai kai kilomita 550 ba, tafiyar awa guda ce ta sama. Sai dai galibi ta Abuja ake bi, a zauna jiran wani jirgin. Daga Yola kuma mota ce: Song, Gombi, Hong, Mubi, kusan kilomita 200 cikin rana, kafin ku hango duwatsun Gella. Yini ya tafi ke nan, zafi kuwa yana rage wa insulin ƙarfi. Ku riƙe shi a ƙaramar kula a hannu, ba cikin kayan awo ba. Ku naɗe ƙanƙarar da tawul, domin wanda ya daskare, ko ya narke, sai zubarwa.