Tikiti Shida, Mutum Goma Sha Huɗu

 A wannan fitowa muna so mu ɗan kauce wa maganar ƙa'idojin rubutu da aka saba tattaunawa a wannan fili, mu ba ku labarin wani lissafi da ya sa mu gumi, duk kuwa da cewa mun haura shekara ashirin muna koyar da lissafi a makarantar sakandare. Lissafin kuwa shi ne, yaya za a raba tikiti shida tsakanin mutum goma sha huɗu, 'yan gida ɗaya, ba tare da an bar wa kowa ƙaiƙayi a zuciya ba?

Autan gidanmu soja ne a ƙasar Amurka. Ya tafi can ne ta hanyar cacar biza, kuma da yake dokar ƙasar ta yarda mai takardar zama ta dindindin ya shiga soja, sai ya ɗauki kaki. A shekarar 2023 yana zaune da iyalinsa kusa da barikin Fort Stewart da ke jihar Jojiya. A wannan shekara ce, cikin watan Agusta, lokacin dogon hutun makarantu, Allah ya nufe mu da zuwa ganin sa. Daga gida mu huɗu muka tashi: Inna, da Yaya Babba, da mu, da mai ɗakinmu. Ƙanwarmu da ke aure a unguwar Bronx ta birnin Niyok ita ma ta sauko da mijinta da 'ya'yansu uku. Idan aka haɗa da Auta da matarsa da nasu 'ya'yan uku, mun tashi mutum goma sha huɗu cif. Rabon da Inna ta ga 'ya'yanta huɗu a ɗaki ɗaya an fi shekara goma.

To da yake Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, sai Auta ya ce ba zai yiwu mu tsallako teku mu ƙare a falo muna kallon talabijin ba, zai kai mu Walt Disney World. Wannan wuri, ga wanda bai sani ba, wani makeken filin shaƙatawa ne kusa da birnin Olando a jihar Fulorida, tafiyar kamar awa huɗu a mota daga inda muke. An buɗe shi ranar 1 ga Oktoba, 1971, kuma manyan filaye huɗu ne a cikinsa: Magic Kingdom wanda aka fara da shi, da EPCOT na 1982, da Hollywood Studios na 1989, da Animal Kingdom na 1998. Kowane ɗaya daga cikinsu sai ya cinye wa mutum yini guda bai gama zagaya shi ba. Kuɗin shiga kuwa ba a cewa komai, musamman ga malamin makaranta da ke karɓar albashi da naira, a shekarar da darajar naira ta yi mummunar faɗuwa tun daga watan Yuni.

A nan ne maganar rangwamen sojoji ta shigo. A Amurka an daɗe da al'adar yi wa soja da iyalinsa ragi a shaguna da gidajen abinci da wuraren shaƙatawa. A cikin harabar Disney ɗin ma akwai wani masauki mai suna Shades of Green, wanda ya koma hannun sojoji tun 1994, inda kuɗin ɗaki ke bin muƙamin mutum, wato ƙaramin soja ya biya kaɗan, hafsa ya biya da yawa. Haka nan kamfanin na fitar da wani tikiti na musamman domin sojoji, ana sayen sa a ofishin tikiti na bariki, kuma a lokacin da muka je ragin da ke kansa ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da kowa ke biya. Sai dai abin yana da sharuɗɗa. Soja ɗaya, shi da matarsa a haɗe, tikiti shida kawai za su saya. Dole ɗaya daga cikin shidan shi ko ita su yi amfani da shi. Kuma dole shi ko ita su tsaya da kansu a tagar tikiti su nuna katin shaidar soja kafin tikitocin su fara aiki. Akan ɗaga ƙafa ga sojan da matarsa da 'ya'yan cikinsa suka wuce shida, amma uwa da yayye da surukai ba sa cikin wannan sassauci.

Mu dai ba mu ga laifin wannan ƙa'ida ba, domin kowane gari da irin mudunsa. A wurinsu iyali shi ne miji da mata da 'ya'ya, don haka shida ta isa har da rarar baƙo ɗaya ko biyu. A wurinmu kuwa idan aka ce iyali, sai an fara ƙirgawa daga tsohuwa a sauko, kuma ba a tsayawa sai an kai ga ɗan riƙo. Mudu biyu ne suka haɗu a kan tabarma ɗaya, kuma mu ne za mu san yadda za mu auna.

Daren da za a yanke shawara, bayan sallar isha'i, aka miƙa mana takarda da biro, aka ce Malam ga fagenka. Muka fara da cire jaririyar Auta, tunda yaron da bai kai shekara uku ba kyauta yake shiga, saura goma sha uku. A cikinsu manya takwas ne, sai babban ɗan ƙanwarmu mai shekara goma sha biyu, wanda shi ma kuɗin manya zai biya, domin tikitin yara daga shekara uku ne zuwa tara. Ke nan tara a farashin manya, huɗu a farashin yara. Shi kuma tikitin sojoji kuɗinsa ɗaya ne ga babba da yaro. Saboda haka abin da lissafi ya nuna shi ne a ba manya shida tikitin rangwame, a sayi na manya uku da na yara huɗu. Bambancin ba wani mai yawa ba ne, amma da yayyafi kogi kan cika.

Muna gama bayani sai falon ya yi tsit. Abin da biro bai gani ba shi ne, bisa wannan tsari 'ya'yan Auta biyu ba za su shiga da rangwamen ubansu ba. Matarsa ba ta ce uffan ba, sai gyara wa jaririya zane take yi, alhali kowa a ɗakin ya san ita ce ta yi wata tara ita kaɗai da goyo lokacin da aka tura mijinta Afganistan a 2017. A ɗaya gefen kuma, idan aka ce Auta da matarsa da yaransu su ɗauki huɗu, saura biyu. Ɗaya na Inna ne, wannan babu musu. Na ƙarshen fa? Idan aka ba Yaya Babba saboda girma, shi ne ya fi kowa hali a cikinmu. Idan aka ba mu, an nuna wa surukai cewa mu ne marasa ƙarfin gidan. Idan aka ba mijin ƙanwarmu saboda baƙunta, shi da kansa ba zai karɓa ba.

Ana cikin haka sai mijin ƙanwar tamu ya kawo wata dabara. Ya ce, "Ranka ya daɗe Yaya, ai abin ba wuya. Tunda bariki cike yake da sojoji, ƙanenmu ya samu wani abokin aikinsa ya saya mana wasu shida da katinsa, shi ke nan an huta." Gaskiya maganar ta yi wa kunne daɗi. Amma Auta ya girgiza kai, ya ce, "Yaya, ku yi mini haƙuri. Sharaɗin shi ne wanda ya saya ya je da kansa ya shiga da ɗaya. In na sa wani ya saya alhali ba tafiyarsa ba ce, na sa shi ƙarya, kuma katin nan amana ce aka ba mu. In aka gano, shi zai amsa tambaya a gaban na sama da shi, saboda mu mu hau lilo." Yaya Babba ya ce, "Ka yi gaskiya, a bar wannan magana." Aka bar ta.

Inna ce ta warware. Da yake ba ta kama sunan ɗan fari, sai ta dube mu ta ce, "Malam, kai da yayanka ku ji. Ni ban san boko ba, amma na san in an yi tuwo a gidan yawa ba a cewa wannan malmalar daga hatsin wane ta fito. Ku haɗa kuɗin duka wuri ɗaya, mai araha da mai tsada, sa'annan kowane gida ya kawo daidai ƙarfinsa. Kada in ji wani yaro ya san irin takardar da ke hannunsa." Haka kuwa aka yi. Muka tara jimlar tikiti goma sha uku, da kuɗin hayar gida mai ɗakin girki a garin Kissimmee da ke kusa da wurin, da kuɗin mai na motoci biyu. Yaya Babba ya ɗauki kaso mafi tsoka, Auta da mijin ƙanwarmu suka biyo baya, mu kuma muka kawo abin da ya sawwaƙa, ba wanda ya tambayi nawa ne. Matar Auta da kanta ta ce a bi lissafin Malam, tunda ragin ya zama na kowa.

Ranar shiga muka yi layi a tagar tikiti, Auta a gaba da katinsa. Ma'aikaciyar ta duba, ta gode masa bisa hidimar da yake yi wa ƙasa, ta miƙo mana katunanmu. Kwana huɗu muka yi muna zagaye. Zafin Fulorida na watan Agusta irin na bazara ne mai haɗe da gumi, kuma kusan kullum da la'asar sai hadari ya taso an yi ruwa da tsawa. Mun yi hayar keken guragu domin Inna, jikoki suna faɗan wanda zai tura. Da yake an yarda mutum ya shiga da abincinsa, matan gidan sukan tashi da asuba su dafa shinkafa da dambun nama mu ɗauka, wanda hakan ya rage mana kashe kuɗi, ya kuma raba mu da shakkar abin da za mu ci. A EPCOT, inda aka gina sassa na ƙasashe goma sha ɗaya a kewayen wani tafki, sashen Maroko ne ya fi tsayar da Yaya Babba, yana ta shafa zanen bango. A Animal Kingdom kuwa, da aka ɗauke mu a mota cikin dajin da aka shirya, muka ga raƙumin dawa da giwa, sai Inna ta yi dariya ta ce ashe sai ta zo Amurka za ta ga namun dajin ƙasarta.

Abin da ya fi tsaya mana a rai ya faru ne a Magic Kingdom. A can kullum da misalin ƙarfe biyar na yamma akan yi bikin sauke tuta a dandalin da ke bakin ƙofa, a zaɓi wani soja ko tsohon soja daga cikin baƙi a karrama shi. Muna wucewa muka tarar ana yi. Auta, da ke sanye da riga da wando na gida, ya saki hannun ɗansa ya ƙame. Mai ɗakinmu ta sunkuya ta ce wa Inna, "Inna, kin ga albarkacin Auta mun sha araha." Inna ta daɗe ba ta amsa ba, can ta ce, "Araha? 'Yar nan, wata tara ban yi barcin kirki ba, ko waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Ni da waccan yarinya mun biya kuɗin nan tun tuni." Ta nuna matar Auta da haɓa.

Tun daga ranar muka daina kallon rangwamen a matsayin garaɓasa. Wanda ya ga ragin a kan takarda zai ɗauka kyauta ce ta faɗo, alhali kuwa akwai waɗanda suka biya da fargaba da kaɗaici, wasu ma da ƙafa ko da rai. Shi ya sa muka ƙara fahimtar dalilin da Auta ya ƙi a yi wasa da katin, kuma muka gane cewa da an bi waccan dabara, da mun shiga da arha mun fito da abin kunya. Mun kuma tuna da gida, inda kowace ranar 15 ga Janairu ake bikin tunawa da mazan jiya, a ajiye furanni a saki tantabaru. Mu malamai muna da 'ya'yan sojoji a azuzuwanmu, wasu iyayensu na bakin daga, wasu marayu ne. Ba sai mun mallaki filin wasa ba kafin mu yi musu namu ragin, ko da na haƙuri ne ranar da yaro ya zo aji hankalinsa ba ya jikinsa.

Ga 'yan'uwa masu tasowa a harkar rubutu kuwa, sau da yawa kukan tambaye mu ina ake samo labari. Ga shi nan a falon gidanku. Duk inda aka ajiye abu kaɗan a gaban mutane da yawa masu jin kunyar juna, to akwai labari, ko rabon naman layya ne, ko kujerar Makka guda ɗaya, ko tikiti shida. Ku lura da wanda ya yi magana, ku ƙara lura da wanda ya yi shiru yana gyara wa jariri zane.

Allah ya ƙara mana zumunci, ya tsare duk wanda ya bar iyalinsa ya tafi aiki, ya dawo da shi lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalam.